Rasuwar Manjagarar Rami na Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai ciwo, ni mai gyaran yashi a filin wasan golf nake sanar da rasuwar abokiyar aikina, Manjagara ta rami na bakwai. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara muna tare.

Marigayiya mai rufin asiri ce. Ƙa'idar wasan ta ce duk wanda ƙwallonsa ta faɗa cikin yashi, in ya buga ya fito, shi zai share sawunsa domin na baya. Kaɗan ne ke yi. Manya sukan tattake yashin kamar shanu a bakin rijiya, su wuce suna gyara hula, ni da ita mu bi bayansu. Ba ta taɓa tona wanda ya kai wa ƙwallo sara biyar ya rubuta biyu a takardar maki ba. Abin da kawai na taɓa ji daga bakinta shi ne ƙurrr, ƙurrr.

Jinyarta ta faro ne daga kwamitin dokoki. Shekara uku suna zama a kan ko a riƙa kwantar da ita cikin yashi ko a waje. Wannan zama a ce ciki, wancan a ce waje, ni ko ina ta jigila da ita har haƙoranta biyu suka zube. A watan jiya aka tsaya a kan waje, bisa ciyawa, kuma shugaban kwamiti da kansa ya nuna mini wurin da tsinin takalminsa.

A nan ajali ya same ta. Wani ɗan wasa da ake kira Likita ya ɗaga sanda zai buga, kuma doka ta hana magana ko motsi a wannan lokaci. Sai ga shugaba yana ja da baya a 'yar motar fili, yana neman inuwa. Ina kallo. Bakina ya buɗe, amma shekara goma sha tara ana koya mini shiru, sai na mayar da shi na rufe. Motar ta bi ta kanta, ƙarar ƙarshe da ta yi ita ce ƙas! Likita ya kuskure ƙwallo, ya harare ni.

Yanzu shugaba ya ce na yi sakaci da ban yi magana ba, Likita kuma ya shigar da ƙara cewa an yi hayaniya a gabana ban hana ba. Wallahi na gaji, ban ma san wanda zan fara ba wa haƙuri ba.

Ta rasu ta bar ƙanwarta shebur, da tiyon ban ruwa mai fama da yoyo, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe a bayan ɗakin ajiyar kayan aiki, awa ɗaya kafin kwamiti ya zauna a kan ko zan ci gaba da aiki. A zo da riga mai kwala, a kashe waya, kada a taka ciyawar bakin rami. Wanda bai samu zuwa ba, babu komai. In dai ya shiga yashi ya daure ya share sawunsa da kansa, don daga Juma'a ban san ko akwai mai bin bayansa ba.