Ranar da Na Wanke Lagireton Baba

Ni mai digiri a adabi, na leƙa lagireton motar Baba ta dakon tumatir, wato tankin ruwan inji, na ga ruwa kore shar. Gansakuka! Tausayin injin ya kama ni. Na kwance murfin ƙasa, na ɗauraye da ruwan rijiya har ina 'yar waƙa. Ashe maganin sanyaya inji ne na zubar. Murfin kuwa na ƙulle shi a bakin zanina don kada ya ɓata, na manta ban mayar ba.

A Dandamisa motar ta tafasa, tumatir ya dahu a rana, bai ga kasuwar Makarfi ba.

Baba ya ce, "Sannu, Uwata. Wanki ya fita."

Har yau in an kaɗa miyar kuka sai yayyena su ce, "Rufe tukunya, ga Injiniya nan!"