Tabarau ɗin Papa Ugo Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ba ta jayayya da hukuncin Ubangiji, iyalan Mista Boniface, mai sayar da kayan famfo a kasuwar Sabon Gari, wanda maƙwabta suka fi sani da Papa Ugo, suna sanar da ’yan’uwa da abokan kasuwa da ’yan cocinsu rasuwar tabarau ɗinsa na karatu. Marigayin ya cika wata Asabar da hantsi, a bakin famfon tsakar gida, a hannun uwargida Nkechi, bayan doguwar jinya wadda, in za a faɗi gaskiya, ba tasa ba ce.

Ba wanda ya san ƙasar da aka haifi marigayin. Abin da aka sani shi ne ya iso Kano cikin kwali, ya sauka a tiren Malam Moshood, mutumin Fagge mai sayar da tabarau a bakin Titin Ibrahim Taiwo. Shekara goma sha wani abu ke nan da Mista Boniface ya tsaya a gaban tiren nan, ya yi ta gwada na gwadawa a kan guntun jarida, har ya kai ga wani baƙi mai kaurin ƙafa. Ba shi da kyau, kuma bai taɓa cewa yana da shi ba. Da mai gidan ya shigo gida da shi a hanci, Nkechi ta dube shi ta ce, “Papa Ugo, ai ka koma alƙali.” Ya ce, “To kowa ya shiga taitayinsa.”

Marigayin ya yi rayuwa mai tsabta. Bai taɓa leƙa wayar kowa ba. Bai karanta jaridar tsegumi ba, bai kalli matan mutane a titi ba. Ko shago ba ya zuwa, don mai gidansa da hannu yake gane girman bututu. Aikinsa ɗaya ne, ya kuma riƙe shi da amana: ranar Lahadi, in an dawo daga coci an ci shinkafa, a shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida, Mista Boniface ya zauna a kujerarsa, ya buɗe gidan fatan da marigayin ke kwana a ciki. Sai a ji ’yar ƙarar nan ta ƙafafun marigayin, ƙis, ƙis. Duk mai tauna sai ya haɗiye.

Abin da ake karantawa littattafan labarai ne na Kirista, ’yan gwanjo, irin waɗanda ake bazawa a ƙasa a ƙofar coci. Labarin matar direba da ta ƙi daina addu’a. Labarin ɗan kasuwar da ya cuci maraya, barci ya ƙaurace masa. Mista Boniface bai yi nisa a makaranta ba, da kansa ya ƙarasa koya wa kansa karatu, saboda haka kowace kalma yana riƙe ta kamar ƙwai. Yakan karanta da Turanci, in wurin ya yi daɗi ya juya shi da Hausa, in ya yi zafi ya juya shi da Ibo. In aka zo inda wani yaro ya yi wa ubansa rashin kunya, sai ya dakata, ya sauke marigayin zuwa ƙarshen hanci, ya dubi babban ɗansa Ugochukwu ta saman gilashi.

“Papa, ni me na yi kuma?”

“Na kira sunanka? Labari nake karantawa.”

Dokar gidan a fili take. Babi ɗaya a mako, ba ƙari ko da mutumin cikin labarin yana rataye a bakin rijiya. Mai gida kaɗai ke karantawa. Ba mai leƙa gaba. “Wanda ya leƙa ƙarshen labari ɓarawo ne,” in ji shi, “kuma wawan ɓarawo, tunda ya saci abin da za a ba shi kyauta.” In babi ya ƙare sai a ji ƙwas, an rufe gidan fata. Autarsu Amarachi ta sha birgima a tabarma tana roƙon shafi ɗaya tak. Ba a taɓa ba ta ba.

A nan ne ya kamata a faɗi babban alherin marigayin, ko da wani zai ji haushi. Mista Boniface mutum ne mai tsanani. Sauran ranakun mako faɗa ne: an bar famfo yana ɗiga, an dawo a makare, an gaida shi a tsaye. ’Ya’yansa sun tashi suna gane takunsa tun daga bakin layi, su gyara zama. Lokacin karatun nan ne kaɗai gidan ke zama wuri guda ba mai tsoron kowa. A bayan gilashin marigayin ne kaɗai suka taɓa ganin idon ubansu ya kawo ruwa. Yakan cire shi ya goge da bakin riga, ya ce gumi ne. Marigayin ya san ba gumi ba ne, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai tona ba.

Yaran sun girma. Ugochukwu ya buɗe shagon kayan waya, ya kama ɗaki a Kwaciri. Amarachi ta shiga makarantar koyon jinya. Duk da haka Lahadi ba ta wuce su. Shinkafa ce ke kawo Ugochukwu, wannan kowa ya sani, amma labari ne ke zaunar da shi.

Marigayin ya sha ƙananan cututtuka irin na tsufa. Ƙafarsa ta hagu ta taɓa karyewa, aka ɗaure da zaren ɗinki. Kusar dama ta ɓace, aka sa guntun waya. Duk ya jure bai fasa aiki ba. Cutar ajali kuwa ta fara ne a bara, lokacin da Mista Boniface ya soma cewa tabarau ɗin ya yi hazo. Ya hura masa numfashi ya goge. Ya wanke da sabulu. Ya ja kujerarsa daga inuwa zuwa tsakiyar rana. Karatu ya riƙa tafiya da ɗingishi, wani lokaci ya maimaita layi ɗaya sau biyu, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba.

Amarachi ce ta yi ƙarfin hali. “Papa, mu je a duba idon nan.”

“Idona lafiyarsa lau. Tun daga ƙofa na gan ki, na kuma ga inda siket ɗinki ya tsaya.”

Aka bar maganar. Da ma haka ake barin magana a gidan.

Nkechi mace ce da ba ta iya zama tana kallon abu yana lalacewa. Ta karɓo man zaitun da aka sa wa albarka a taron addu’ar mata, ta faki idon mijinta, ta shafe gilashin biyu da shi ciki da waje. Niyyarta mai kyau ce, Ubangiji shaida. Lahadin nan Mista Boniface ya ɗora marigayin a hanci ya ce duniya ta koma miyar kuɓewa. Sabulu ya cire man, hazo bai tafi ba. To a ɗakin girkin Nkechi, duk abin da ya gagari sabulu, toka da yashi ne maganinsa. Da su take fitar da gindin tukunya har mutum ya ga fuskarsa. Ranar Asabar ɗin, mai gida na kasuwa, ta tsuguna a bakin famfo ta yi wa marigayin irin wankan tukunya. Sautinsa na ƙarshe a duniya shi ne ƙurrr, ƙurrr. Da ta ɗauraye ta ɗaga shi sama, gilashin ya yi fari fat kamar idon dafaffen kifi.

Mista Boniface ya yi faɗan da har masu shagon bakin layi suka fito. Ranar Litinin ya saka gawar a aljihu ya nufi wurin Malam Moshood. Ya gwada na farko, bai ga komai ba. Ya gwada mai ƙarfi, ya gwada wanda ya fi shi. Ya ce kayan yanzu duk jabu ne. Malam Moshood ya bar shi har ya gama da tiren kaf, sannan ya karɓe guntun jaridar daga hannunsa.

“Oga Boniface, ni da kai ba yau ba. In na sayar maka, na cuce ka. Babban rubutun saman nan, wanda mai keke ke karantawa daga tsallaken titi, shi ne ka kasa. Ba tabarau ba ne. Ka je asibiti, don Allah.”

“Kai likita ne?”

“A’a. Shi ya sa na ce ka je.”

A asibitin ido aka haska, aka auna, aka ce ciwon ya daɗe yana cin jijiyar idon a ɓoye. Abin da ya tafi ya tafi. Aka ba shi maganin ɗigawa don a tsare ɗan abin da ya rage, wanda ya isa ya gane ƙofa da fuskar matarsa in tana kusa, amma bai isa baƙi ɗaya a takarda ba. Likitan ya ce da an zo da wuri, da an ceci da yawa. Amarachi na tsaye a wurin. Ta karɓi maganin ta sa a jaka.

Saboda haka iyalan suna so jama’a su sani: marigayin ya mutu ba shi da laifi. An goge shi, an shafe shi, an kankare shi, a kan cutar da ke cikin kan mai shi. Kada kowa ya zargi Nkechi. Hannunta ne ya riƙe tokar, amma taurin kan mijinta ne ya miƙa mata. Haka yawancin magidanta suke, su zagi takalmi shekara guda kafin su yarda ƙafar ce ta kumbura.

Marigayin ya rasu ya bar mai gidansa, da gidan fata wanda yanzu ba kowa a ciki, da kwali biyu na littattafai a ƙarƙashin gado. Ya kuma bar maraya ɗaya, wani littafi mai jan bango da aka ci fiye da rabinsa. Labarin wa da ƙane ne da suka ɓata a kan shagon ubansu. An tsaya daidai inda wan ya zo ƙofar ƙanen bayan shekaru, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Hannun nan yana sama har yau.

An yi ƙoƙarin samun magaji, ba a dace ba. Ugochukwu ya ɗauki hoton shafin da waya, ya danna, wata muryar mace ta fara karantawa tiryan-tiryan, ba numfashi ba tausayi. Mista Boniface ya saurari layi uku ya ce, “Kashe. Wannan matar ba a yi mata baftisma ba.” Mako na gaba Amarachi ta karɓi littafin. Ba ta kai ƙarshen sakin layi ba ya tsayar da ita: ta yi sauri, ta haɗiye waƙafi, ba haka ake faɗin sunan ba, muryar dattijo take yi ko ta ɗan tallan ruwa? Ta rufe littafin a hankali ta ajiye a cinyarsa.

“Papa, kai ba karatu kake so ba. Idonka kake so, ni kuma ba ni da shi.”

Tun daga ranar, kowace Lahadi tana da aiki a asibiti. Ugochukwu yakan zo, a zuba masa shinkafa a kula, ya gaida mahaifinsa daga tsaye, ba a ma yi masa faɗa ba, ya tafi. Da abin ya ishi Mista Boniface, sai ya yi abin da ba a taɓa zato ba. Ya sa aka ɗora littafin a kan tebur, ya aika wa yaran cewa ya janye doka, duk mai so ya ɗauka ya karanta har ƙarshe, shi dai a zo a gaya masa ko an buɗe ƙofar. Littafin yana nan inda aka ajiye shi. Nkechi ce ke ɗaga shi in za ta goge teburin.

Za a yi jana’izar marigayin ranar Lahadi mai zuwa, bayan an sauko daga coci, a gidan Mista Boniface da ke Sabon Gari. Za a sa shi cikin gidansa na fata a binne a gindin gwandar tsakar gida. Malam Moshood ya nemi a bar shi ya haƙa ramin, tunda a hannunsa marigayin ya fara sauka, an kuma amince. Ba a buƙatar fure. Kada a kawo sabon tabarau, kada a kawo labarin wani mai magani da ya buɗe idon wani a wani gari. Mai gidan ya ji isasshe.

Bayan an rufe rami, uwargida Nkechi za ta yi karatu daga littafin mai jan bango. A aji huɗu na firamare ta bar makaranta, da yatsa take bin layi, in kalma ta yi tsawo takan raba ta gida uku ta kuma rasa na tsakiya. A irin tafiyarta ba lalle a kai ƙarshen labarin bana ba. Mista Boniface ya yi alkawari ba zai gyara mata ko kalma ɗaya ba. Ba wanda ya gaskata, har ita. “Gyara ka more, Papa Ugo,” in ji ta, “ni ba inda za ni.”

An sanar da yaran. Ugochukwu ya ce zai gani. Amarachi ba ta amsa ba tukuna. Za a shimfiɗa babbar tabarma kamar yadda aka saba. Wanda ya shigo ya tarar da wuri ya yi yawa a kanta, ya yi ta’aziyyarsa kawai ya zauna, kada ya tambayi ina sauran.