Rasuwar Hajiya Mai Hange, Na'urar Duba Ido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tambayoyin da suka hana ta sakat, ni Dokta Rahinatu Mahdi ta asibitin ido da ke unguwar New Bell a birnin Douala nake sanar da rasuwar Hajiya Mai Hange, na'urar da ke ɗaukar mana hoton tantanin gaban ido.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta jure zafin Douala da ɗaukewar wuta, ba ta taɓa cewa komai ba sai "tsiiit" idan ta farka, da "ƙyat" idan ta ɗauki hoto. Ƙwayar cutar da ta ɓuya wa kowa ba ta ɓuya mata.

Jinyarta ta fara ne da hazo. Wasu hotunan su fito tas, wasu kamar an shafa musu koko. Na kira Badamasi mai gyara daga unguwar Ndogbong. Ya shige da ita ɗaki, ya tura ƙofa, ya fito yana girgiza kai. Tun ranar ba ta sake cewa "tsiiit" ba.

Sai daga baya na gane asalin hazon. Sabuwar nas ɗinmu Zulfa takan ɗiga wa marasa lafiya rinin nan rawaya mai tona raunin ido kafin a ɗauki hoto, maimakon bayansa. Idon da ya sha rini kaɗai ke fitowa dishi-dishi. Wato da lafiyarta garau aka kai ta ɗakin nan.

Ba na zargin kowa. Ina dai mamakin yadda Badamasi ya dawo washegari da hoton sabuwar na'ura, wai ta ƙaninsa ce, ta sayarwa, yanzu ta sauka a tashar jirgin ruwa. Ina kuma mamakin wanda ya kawo mini Zulfa aiki, domin Badamasin ne dai.

Ta rasu ta bar fitilar duba ido, da kujera mai juyi, da Malam Bala ɗan dakon tashar, wanda gyambon idonsa ke jiran hotonta. Yanzu dole sai ya tafi har Yaoundé, idon kuwa ba ya jira.

Za a yi mata sutura ranar Asabar bayan la'asar, a kwalinta na asali, a ajiye ta a sito, mabuɗi a lalitata. Ana karɓar gaisuwa a asibiti. Badamasi ya nemi alfarmar ɗaukar gawa. Iyalai sun gode, sun ce ya zo hannu rabbana, ya koma haka.