Rasuwar Kazar Agogo, Saura Minti Tara Jirgin Baban Ɗija Ya Sauka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai bushe ba, Sailuba Almu ta garin Landover a Amurka take sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar agogon girkinta mai siffar kaza, wadda kowa a gidan ya sani da Kaza. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da hantsi, tana tsakiyar aiki.

Don dafa ƙwai aka sayo marigayiya, amma ba a nan ta yi suna ba. Maigidan, Almu, yana gyaran injinan asibiti a can tsibiran Caribbean. Duk Litinin da Alhamis sai ya hau ƙaramin jirgi daga St. Thomas zuwa St. Croix. Tafiyar ba ta kai mil hamsin ba, sai dai duk ruwa ne a ƙasa. Da ya turo saƙo an rufe ƙofar jirgi, Sailuba za ta murɗa Kaza zuwa minti ashirin da biyar, ta damƙa wa 'yarsu Ɗija, mai shekara huɗu. Yarinyar ta rungume ta, ta kasa kunne: tik, tik, tik. In ta yi ƙirrr, Baba ya sauka. Shekara guda da rabi Kaza ba ta taɓa makara ba, ba ta nemi batir ba, ba ta ce ta gaji ba.

Ciwon ya samo asali ne tun da ta faɗo daga kan firji. Sai ta riƙa tik, ta yi jim, sannan tik. Sailuba ta ga alama ta kau da kai, kuma wannan yana damunta har yanzu.

Ranar Alhamis, saura minti tara, Kaza ta yi shiru. Ɗija ta girgiza ta, ta hura mata iska. Wayar Almu kuma ta ƙi shiga sai bayan minti arba'in, ashe ruwan sama ne ya sa suka yi ta kewaye a sama. Ya sauka lafiya, ya kira ta bidiyo, ya nuna ƙafarsa a ƙasa. Ɗija ba ta yarda ba. A wurinta Kaza ba ta yi kuka ba, don haka Baba yana sama. Kwana biyu ke nan tana cin abinci a bakin taga. An ba ta agogon waya ta ture, wai ba ya numfashi.

Sailuba ta san ƙarfen cikin roba ba ya riƙe jirgi. Ta sani sarai. Amma ita ma a minti arba'in ɗin nan ba ta ɗauke ido daga kan Kaza ba.

Marigayiya ta bar tukunyar shinkafa, butar shayi, ludayi biyu, da yarinya ɗaya da ba ta san an yi rashi ba.

Za a yi jana'iza a bayan gidan Anti Mubaraka a Mitchellville, tunda su Sailuba a bene suke, babu ƙasa, amma sai Almu ya dawo ƙarshen wata ya haƙa da hannunsa, Ɗija na kallo. Kada a kawo sabuwar kaza, an gwada, Ɗija ta gane. Masu ta'aziyya su zo ranar Litinin ƙarfe takwas saura kwata na safe, lokacin da jirgin zai sake tashi. Ba a buƙatar abinci. A zo dai a zauna da su minti ashirin da biyar.