Rasuwar Bokitin Malam Uwaisu a Sahu na Casa'in da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai cike da tsami, Malam Uwaisu Rawayya, malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Bungudu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar farin bokitinsa mai cin lita ashirin, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi yana bakin aiki.

Marigayin ya zo duniya a Gusau a matsayin bokitin fenti. Da fenti ya ƙare, Malam ya karɓe shi riƙo. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaure a bayan mashin, yana "ƙwal-ƙwal-ƙwal" a kowane rami. Bai taɓa shiga yajin aiki ba, bai taɓa ƙorafin ƙarin girma ba. Malam kam ya yi duka biyun.

Sana'arsa koyarwa. Da shi Malam ke nuna wa ɗalibai cewa duk abin da suka saya ya riga ya sha ruwa tun daga gona da masana'anta: shinkafa, lemon kwalba, takalmi. Rigar auduga guda, in ji Malam, takan lashe cikin marigayin kusan sau ɗari da talatin da biyar. Kowace shekara ɗalibai su rubuta haka a jarrabawa, su ci, su fita su sayi riga.

Ciwon ajali ya soma ne da 'yan ajin ƙarshe, su sittin, suka shirya sayen fararen rigunan gama jarrabawa, irin waɗanda ake sawa yini ɗaya, abokai su cika su da rubutu, a cusa ƙasan akwati. Malam ya ce sai ya hana. Ya ƙulla yarjejeniya da shugabar ajin, Godiya Zakariya: in sun iya ɗebo ruwan riga ɗaya tak da marigayin, daga famfo zuwa lambun makaranta, su saya. In sun gaza, kowa ya zo da tsohuwar rigarsa. A lissafinsa, kafin sahu ashirin sun zube. Ya manta cewa da yaran da tun suna rarrafe ake aikensu ɗiban ruwa yake magana.

Suka jeru, ana waƙa ana ƙirga. A sahu na talatin albasar makaranta ta fara iyo. A sittin mariƙin ya soma "ƙiii, ƙiii", Malam ya yi kamar bai ji ba. A tamanin shewa ta kwashe shi, ya manta ɓangaren da yake, ya tuɓe babbar riga ya shiga layi. A hannunsa, a sahu na casa'in da ɗaya, marigayin ya yi kalamansa na ƙarshe, "ɓas!", ya juye a wandon ubangidansa.

Bisa yarjejeniya ɗalibai sun gaza. Godiya ta amsa da bakinta. Malam ya yi nasara ta farko a shekara goma sha ɗaya, yana tsaye riƙe da mariƙi.

Marigayin ya bar murfi, wanda Hajiya Ladidi matar Malam ta ƙwace tun bara tana rufe ƙullu, da moɗa, da buta biyu, da wani baho a Tsafe da ake kyautata zaton danginsa ne.

Za a kai shi lambun makaranta ranar Asabar da ƙarfe goma, a cika shi da ƙasa, a shuka tattasai. Babu wanka, ruwan da ya sha ya isa. Ɗaliban sun cika alkawari, babu rigar gama jarrabawa bana. Sai dai saboda girman rashin sun yanke shawarar halarta cikin rigunan juyayi masu hoton marigayin a ƙirji, guda sittin da ɗaya. Malam ya lissafa: bokiti dubu takwas da ɗari biyu da talatin da biyar. Ɗayar tasa ce, kuma yana roƙon a zaɓa masa babba, saboda tumbi.