Garin da na kashe da bakina

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da fara ta cinye abin da fari ya rage, har mutanen karkara suka koma cin anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci. Lokacin ina planto a biro, wato ofis, na wani proje mai rabon hatsi a nan Damagaram. Aikina shara, kai takarda, dafa shayi. Sai kuma wani da na ba kaina ba a sa ni ba, wato tsoma baki. (Aji biyu na yi a lakwal aka kore ni, amma in kun ji ina bayani sai ku ce ni na gina lakwal ɗin.)

Mai kula da ordinater, wato kwamfuta, wata yarinya ce Babarbariya, Madam Falmata. Ta taɓa yi mini bayanin abin da ke ciki: teburin garuruwa daban, na gidaje daban, na rabo daban, an ɗaure su da lamba kamar awaki a turke ɗaya. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Wata safiya na tarar ta dafe kai. Buhunan da na'ura ta ce a loda sun fi na makon jiya, ba ta san dalili ba. Ta jera tsohon kwafi da sabo tana bi layi-layi har shayinta ya huce. Can ta ce, "Baba planto, gari ya tsiro mini."

A wajen Gaffati akwai Garin Tanko ɗaya, yau sun zama biyu. Sabon da lambarsa, da gidajensa rataye a jikinsa. Ta duba wanda ya shigar da shi, wani ma'aikacinmu ne, ga shi ya tafi Garagumsa inda waya ba ta kamawa. Kamyo, motar kai hatsin, kuma gobe zai tashi. Ta ce ko dai kuskure ne aka rubuta sau biyu, ko wani na son cin rabo biyu. Amma sunayen masu gidajen ba ɗaya ba ne, shi ya hana ta taɓawa.

Nan fa na jingine tsintsiya. Na ce, "Madam, ai kin zo gidan sani. A can na yi aure. Tsohon Garin Tanko ya watse tun yunwar da ta gabata, mutanen suka koma bakin hanya da sunan garinsu. Na biyun nan kango ne, ko kare babu."

"Ka tabbata, Baba?"

"In kin sami mutum a can, ki yanke mini gemu."

Da Madam ta zo goge shi, na'urar ma sai da ta tambaya, wai gidajen za su bi garin, a ci gaba? Ƙarfe ya yi shakka, ni ban yi ba. Ta danna. Gari ya tafi, gidaje suka bi, rabonsu ya bi, lissafi ya daidaita. Ranar har naman tsire ta saya mini.

Bayan an gama rabo, ina shara sai na hango wani tsoho ya shigo, ƙafafunsa fari fat da tafiya, da buhu ninke a hammata. Surukina ne, mahaifin matata Habsu. Na tuɓe takalmi na maƙe bayan ƙofa.

Ya gaida Madam, ya ce an zo an rubuta su, kamyo ya wuce su. Rijiyar bakin hanya ta ƙafe tun bara, shi da wasu suka koma tsohon gari inda ruwa ya rage.

Madam, da ba ta san komai tsakaninmu ba, ta ce, "Baba, an shaida mana garinku kango ne."

"Wa ya shaida?"

Ta nuna ƙofa. Ƙofar kuma, don ta gama da ni, ta buɗe da kanta. Ga ni durƙushe, takalmi a hannu.

Tsohon bai dube ni ba. Ya ce da ita, "Gaskiyarsa ne, 'yata. Ran da ya zo mana na ƙarshe, kango ne."

Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Madam ta ɗauko kwafin da ta adana, kafin in miƙe gari ya dawo da gidajensa duka. A na'ura ke nan. Magaza kuwa, inda muke ajiye hatsi, an share ta, sai an jira wani kaya. Na ɗauki geron gidana na kai, bai kai ko'ina ba. A cikin jiran nan wasu gidajen suka rufe ƙofa da ƙaya suka yi kudu, har yau ba su dawo ba. Wannan ɓangaren ba ya ba ni dariya.

Habsu ta ce ta gaya mini komawar iyayenta ba sau ɗaya ba, ina rungume da rediyo ina cewa "to, to". Madam ba ta yanke gemun ba, amma duk ran da na buɗe baki a biro sai ta ɗaga almakashi.

Yanzu ko hanyar gidana kuka tambaye ni, zan ce ku dakata in tambayo Habsu.