Ranar da Na Gyara wa Dokta Teburi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kwashe mu 'yan ajin kimiyya daga makarantarmu ta Kuje zuwa wani ɗakin bincike a cikin garin Abuja ba. Ni ce ta ƙarshe a layi, kamar kullum. Ba na magana a aji, amma babu abin da ke wuce idona (na san malamin da ke maimaita safa kwana uku).

Wata mata da kowa ke kira Dokta ce ta tarbe mu. Ta nuna mana na'urar duba ƙananan abubuwa, wadda ba da ido take gani ba, da wata allura take shafa abu. Ta ce wani ɗan faranti ke motsa abin a ƙarƙashin allurar, taku-taku, kuma ko an tsaga silin gashi sau dubu bai kai ƙanƙantar taku ɗaya ba. Tun safe ta ɗora ɗan yumɓun Ushafa, hotonsa na fitowa layi-layi a kwamfuta, gobe za ta nuna wa manyanta. Ta roƙe mu kada wanda ya ko yi tari kusa da wurin.

Kowa ya tafi kallon kwamfuta. Ni kuwa, uwar lura, teburin na tsaya kallo. Sai na ga samansa bai zauna daram kan ƙafafunsa ba, akwai ɗan tsakani, har yana wani lilo a hankali. Tausayinsu ya kama ni. Na'ura mai tsada haka, an rasa kafinta! A ajinmu duk bencin da ke rawa ni ake kira. Na zaro takarda daga jakata, na ninke ta huɗu, na tsuguna, na cusa ta da ƙarfi. Teburi ya tsaya cak. Na miƙe ina jiran ranar da za a gano wace baiwar Allah ce ta yi wannan aiki.

Ba a daɗe ba aka gano. Hoton ya koma kamar zanen kaza a ƙasa. Dokta ta juyo tana duban teburin. Mataimakinta, wani dattijo mai gilashi, ya leƙa ƙarƙashi ya zaro takardar, ya warware ta a gaban kowa. Takardar gwajin fiziks ɗina ce. Sunana a sama, ajina, da huɗu bisa goma da jan biro.

Dokta ta tambaye ni dalili. Na ce: "Ma, gani na yi yana rawa."

Ta ce a kan iska aka ɗora teburin da gangan, don kada girgizar janareta da ta motocin titi ta kai ga allurar. "Sannu da aiki, 'yata," in ji ta. "Kin haɗa mana shi da duk Abuja."

Allurar ta lalace, aikin yini ya tafi, sai ta sake daga farko. Malaminmu ya yi ta ba da haƙuri har da cire hula. A motar komawa babu wanda ya kira ni da sunana, sai Injiniya, har direba.

Tun daga ranar, in na ga abu a karkace a wurin masu ilimi, nakan ɗauka da kuɗi aka karkata shi, in wuce abina.